Zan bar Jidda: in tura kayan gida ta kago ko in sayar?

Direban kamfani, Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun 2011 nake tuƙi a wani kamfani a nan Jidda, kuma yanzu na yanke shawarar komawa Kano, domin kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamata (takardar izinin zama a Saudiyya), wanda ya fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai riyal 400 tun 2020, ga ni kuwa da mata da yara uku. Shin in tura firij da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki ta kago, ko in kai su kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh in sayar? Sannan in nemi a buga mini huruj niha'i, wato bizar fita ta dindindin, yanzu, ko in daure in sabunta iƙama don in ƙara azumi ɗaya a nan? Raina ba ya son rabuwa da garin nan, musamman in na tuna yadda muke shan ruwa a Balad, tsohon garin Jidda, mu sallaci isha'i mu kama hanyar Makka, kafin sahur mun dawo gida.

Malamin makaranta, Zariya:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya sa hakan shi ne mafi alheri. Kafin komai ka je Madina ka yi bankwana, tunda jirgin ƙasan Haramaini ya sauƙaƙa tafiyar.

Hajiya mai ɗinki, Fagge:
Ƙanena, ka saurare ni, domin ni na ga abin da ido. A Sabil na zauna har aka rushe unguwar a 2022, aka rubuta wa'adi da jan fenti a bangon gidanmu, muka kwashe kaya cikin gaggawa. Na ɗaure keken ɗinkina biyu da gado da katifu na miƙa wa wani mai kago, na biya riyal 9 kan kowane kilo, ya rantse mini cewa ba za a wuce wata biyu ba. Sai da damina ta wuce kayan suka iso, keke ɗaya babu kai, katifun kuma suna warin ruwan teku. Da na kira shi sai ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gidan da na yi shekaru ina aiko kuɗi a gina mini, na tarar ko linta bai kai ba, kuma wanda na damƙa wa amanar uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Kai kana maganar kewar Jidda, ni kuwa Jiddar da na sani, ta Sabil da Karantina da Hindawiyya, ta riga ni tafiya.

Mai gyaran wuta, Makka:
Allah Ya mayar miki da alheri, Hajiya, amma riyal 9 kuɗin jirgin ruwa ne, ni riyal 17 na biya ta jirgin sama kuma kayana sun iso lafiya. Malam direba, ka lura cewa wutar Saudiyya tana kan 60Hz ne (ma'aunin saurin bugun wuta), ta Najeriya kuma 50Hz, saboda haka ka duba takardar da ke manne a bayan firij ɗin. Idan 60 kaɗai aka rubuta, ka sayar da shi a nan kawai.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Riyal 17 kam an cuce ka, Alhaji, domin ni 13 nake biya duk zuwa. Ƙarfin wuta kuma ba abin damuwa ba ne, tunda sai an kawo wutar ma tukuna ake maganar lambarta.

Hajiya mai ɗinki, Fagge:
Alhaji, da girmanka, wanda yake zuwa Umara ya kwana goma a otal ya sayi jallabiyoyi bai kamata ya ba mai kwashe gida shawara ba.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Hajiya, ranki ya daɗe, mai kago ba ya tambayar shekarun mutum a Jidda kafin ya ɗora kaya a sikeli.

Ma'aikacin jinya, Jidda:
Babu wanda ya taɓa tambaya ta biyu. Da zarar an buga huruj niha'i kwana 60 ne gare ka ka fita, kuma ba za a buga ba sai ka biya tarar hanya da ke kanka, ka kuma cire mota daga sunanka, duk za ka gani a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya. Kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka karɓi haƙƙinka na ƙarshen aiki, wato rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan haka. Tunda ka haura shekara goma, ko kai ne ka ajiye aiki cikakke za a ba ka.

Matashi, Katsina:
Baba, kome za ka bari ka bari, amma kada ka sauka Kano babu kajin Albaik, domin shi ne fasfo ɗinka a wurin dangi.

Direban kamfani, Jidda:
Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta tayar mini da hankali, domin ni ma ƙanena ne ke kula da ginina a Rijiyar Zaki, kuma hotuna kawai nake gani. Tun da labarin dawowata ya bazu kuma, saƙonnin tsaraba ba su yanke ba.

Mai gyaran wuta, Makka:
Wannan ita ce babbar matsalar, Malam. Mutanen gida sun ɗauka cewa duk wanda ya kwana a ƙasa mai tsarki shebur yake sa wa riyal. Da na je hutu bara na kai wa kawuna dabino da carbi da turare, ya juya ledar ya dube ni ya ce, wayar fa tana cikin wace jaka?

Hajiya mai ɗinki, Fagge:
Kai ma ka samu ya karɓi dabinon. Ni har yau akwai 'yar'uwar da ba ta gaishe ni saboda ban kawo mata sarƙar zinariya ba, alhali ta san yadda na baro Sabil.