Kufan ƙasar Ailan da manoma ba sa nomewa

Ibro daga Birni:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Turai ya aiko mini hoton wata gona a Ailan, an nome ta tas, sai a tsakiya an bar wani zagayayyen tudu da ƙaya ta lulluɓe, garma ba ta taɓa shi ba. Ya ce manoman can suna kiran irinsa gidan aljanu. Masana, wa ya gina waɗannan wurare, kuma da gaske har yanzu ana tsoronsu?

Malam Sani daga Zango:
Wa alaikumus salam. Mutane ne suka gina su, yawanci tsakanin shekarar 500 da 1000 miladiyya. Galibi gidan manomi ne da iyalinsa, an kewaye shi da garu na ƙasa da rami don kada ɓarayin shanu su kore dukiya da dare. Wanda aka yi da ƙasa, mutanen Ailan suna ce masa "ráth" ko "lios", na dutse kuma "caiseal", kuma an ƙidaya sama da 40,000. Da masu su suka watse, sai na baya suka ce "aos sí", wato mutanen ɓoye, sun gaje su, kuma duk wanda ya sare ƙayar wurin ko ya haƙa shi, ciwo zai kama shi ko shanunsa su mutu. Tsoron bai ƙare ba, domin a 1999, a Latoon da ke yankin Clare, wani mai ba da tatsuniya, Eddie Lenihan, ya yi ta gargaɗi kan wani itacen ƙaya da sabuwar hanyar mota za ta ci, har aka shimfiɗa hanyar aka bar shi tsaye.

Hajiya Mariama:
Malam, wannan labari kamar a ƙofar gidanmu. A gonar kakana, wajen Mirriya, akwai kufai da wata tsohuwar tsamiya, kuma bai taɓa yarda a sa fartanya a gindinta ba. Muna yara, bayan ruwan sama mukan tsinci tsingaro mai zane a nan, shi kuwa ya sa mu mayar inda muka ɗauko. Da gonar ta koma hannun wasu, an sare tsamiyar an yi gawayi, yanzu ko alamar kufan babu, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ibro daga Birni:
Na gode, Malam. Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Ashe ya kamata mu je mu duba halin da garun Kufan Kanawa, tsohon kufai da ke jihar Damagaram, yake ciki kafin damina ta sauka.