Don Allah prednisolone na iya sa fararen ƙwayoyin jini su hau?

Salam 'yan uwa, ku taimaka min don Allah, kaina ya kulle. Hajiyarmu ce ke fama da asma, kwana 10 kenan likita ya ɗora ta kan prednisolone kullum da safe, kuma alhamdulillah ƙirjin ya saki har tana hawa bene ba hutawa. To jiya aka ɗebi jininta, fararen ƙwayoyin jini suka fito 15,800 alhali a takardar an rubuta daidai shi ne 4,000 zuwa 11,000, a cikin ire-iren fararen ƙwayoyin, neutrophil ne ya yi sama sosai, lymphocyte da eosinophil kuma sun sauka.

Mai gwajin ya ce ƙwayar cuta ce mu sayi antibayotik, amma fa ba zazzaɓi, tana cin tuwonta lafiya lau. Ƙanwata mai karatun nas ta ce aikin maganin ne, wai yana sako neutrophil ɗin da ke manne a bangon jijiyoyi su shigo cikin jini kuma ya hana su saurin fita. Abin da ya hana ni barci, ta ce shi dai wannan maganin yana rage garkuwar jiki har ya ɓoye zazzaɓi. To ta yaya ake bambancewa? Likitan sai Alhamis, kuma ya gargaɗe mu kar a yanke maganin lokaci guda. Mu jira ko mu kai ta yau?