Neman kalma: me za mu kira "superhero" da Hausa?

Zainabu: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe tara na safe zan shiga shirin rediyo, ina son kawo labarin Black Panther & The Crew, wanda kamfanin Marvel ya fara bugawa a Afrilun 2017, Ta-Nehisi Coates da Yona Harvey suka rubuta. Fitowa biyu kacal aka yi sai aka ce kasuwa ba ta karɓe shi ba, za a rufe a ta shida. Masoyansa suka yi wa kamfanin ca. Me zan ce wa superhero, wato mai ƙarfi ko baiwar da ta wuce ta ɗan Adam? Sai kuma comic, wato labarin da ake bayarwa da zane-zane irin wannan.

Ɗan Fagge: Jarumi mana, Anti. Mene ne abin wahala?

Zainabu: Ƙanena, ina cewa jarumi mai sauraro zai ɗauka ɗan fim nake nufi. Gwarzo kuma ya koma na kyauta, gwarzon shekara.

Malam Ladan: Gagarabadau! Na daɗe ina faɗa a nan. Kalma ce ta kirari, mai nauyi a baki, kana jinta ka san wannan ya fi ƙarfin gama-garin mutane.

Hadiza Maraɗi: Malam, a yi min afuwa, mene ne jam'insa? Su biyar ne a labarin nan: Black Panther, Storm, Luke Cage, Misty Knight da Manifold, suna binciken mutuwar wani dattijo ɗan gwagwarmaya da ya rasu a hannun 'yan sanda a unguwar Harlem ta birnin New York. Biyu mata ne. Storm gagarabadauwa ce ke nan? Ni dai sadauki na zaɓa, jam'i sadaukai. Comic kuwa, mu a nan bede muke cewa.

Malam Ladan: Ke 'yata, mun gudu daga Turancin Ingila za ki kai mu na Faransa?

Hadiza Maraɗi: Ku da kuke cewa katun fa? Hausar Kano ce kaɗai Hausa?

Baba Sakkwato: Ni abin da ke ba ni mamaki, muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da tarihin mazan jiya, sai zanen Amurkawa za a ɓata lokacin rediyo a kai.

Ɗan Fagge: Baba, ranar da fim ɗin Black Panther ya fito a 2018 jikokinka ne suka fara nemansa a waya.

Usman Editan Dare: A dawo kan batu, yarinyar nan aiki ke jiranta. Littafin zane ya wadatar, kada dai ki ce na barkwanci, ba abin dariya ciki. Sannan ki ce an soke, domin "dakatar" na nufin zai dawo. Ki kuma bayyana dalilin fushin masoyan: a Amurka masu shaguna ne ke yin odar waɗannan littattafai tun kafin su fito, kamfani kuma yawan odar yake dubawa. Mai jiran a haɗa fitowa shida a littafi guda ya saya, kafin ya ciro kuɗinsa an gama yanke hukunci. Ga shi a 2017 ɗin aka rufe wani littafin Marvel, World of Wakanda, wanda marubuciya Roxane Gay ta yi aiki a kai, shi ma a fitowa ta shida. Shi ya sa wasu suka ce ba a tallata su yadda ya kamata ba.

Zainabu: Allah ya saka, Yaya Usman. Na ɗauki sadaukai, littafin zane da soke. Mace fa? Sadauka ko sadaukiya?

Hadiza Maraɗi: Sadaukiya.

Usman Editan Dare: Sadauka ta fi min daɗin ji. Ki zauna a jam'i ki huta.

Malam Ladan: Sadauki da takobi da doki aka san shi, ba ya tashi sama, ba ya kiran hadari. Amma tunda kun taru a kaina, ki yi da shi na gobe kawai. Ban janye gagarabadau ba.