Neman taimako: na'urata ta auna haske BH1750 na cijewa a kan 54612 da tsakar rana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Jidda, kuma yau kwana tara ke nan wani abu ya hana ni sakat.

Na haɗa na'urar auna haske BH1750 da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori), wayoyin sadarwarta SDA a kan A4, SCL a kan A5, adireshinta 0x23. Nufina in gane yadda ƙura ke rage hasken da ke kaiwa ga farantan solar da ke saman gidanmu. A cikin ɗaki lafiya lau take aiki, in na rufe ta da hannu lamba ta faɗi, in na haska tocila ta hau.

Matsalar a sama take. Da hantsi ya ɗaga sai lambar ta haura har 54612 lux (ma'aunin ƙarfin haske), daga nan ta tsaya cak, sai wajen la'asar take sauka. Da farko na zargi zafi, kun dai san ranar Jidda, har na sayo sabuwa. Ita ma haka. Daga baya na lura 65535, lamba mafi girma da na'urar ke iya ƙirgawa, in an raba da 1.2 kamar yadda ake yi don samun lux, wannan lambar yake bayarwa, wato na'urar ce ta cika maƙil.

Na ji ana rage MTreg (saitin tsawon lokacin da na'urar ke ɗauka tana awo) daga 69 zuwa 31 don ta ɗauki haske mai yawa. Na gwada, lambobin suka zube ƙasa da rabi. Shin ni zan gyara lissafin da hannu? Ko gara in ɗora mata gilashi mai duhu? Wanda ya taɓa yi, don Allah ya nuna mini.