Ina zan ga allunan sammun mutanen Gol?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina karatu a Liyon, na samu hutun kwana huɗu. Ina so in ga rubutun tsohon harshen Gol, wanda ake yi a Faransa kafin Latin ya danne shi. Ina zan fara?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ai abin nema na ƙofar gidanka. Hau tudun Fourvière, ka shiga gidan tarihi na Lugdunum, ka nemi kalandar Coligny. Ta tagulla ce, an tono ta gutsi-gutsi a 1897. Shekara biyar ta ƙunsa, wata 62, kowane wata an yi masa alamar mai kyau ko marar kyau.

Auta: Wato su ma suna duban sa'a ke nan, Malam?

Malamin Tarihi: Kusan haka masana suka fassara, Auta.

Ɗan Maraɗi: Na gode Malam, amma ni allunan sammunsu, waɗanda suke karce roƙo ko tsinuwa a jiki, nake so in gani da idona.

Yaya Babba: To ƙanena, Clermont-Ferrand za ka, gidan tarihi na Bargoin. Can allon Chamalières yake. Na darma ne, an tsince shi a wani idon ruwa a 1971, layi 12, ana kiran wani abin bautarsu Maponos. Sai dai kada ka je da dogon buri. Ni na zaci zan ga allo irin na makarantar allo, sai na tarar da ɗan abu santimita 6, bai cika tafin hannu ba. Sai da na kanne ido ɗaya kafin na rarrabe haruffan, kamar an karce su da tsinken allura.

Hajiya: Bar su, ɗana, wuce gidan tarihin garin Millau. Allon Larzac ya fi, an same shi cikin kabari a 1983, kalma wajen 160. Kuma rigimar mata ce zalla: an jero sunayensu, wance 'yar wance, ana maganar sihirin mata, har da wata Severa Tertionicna da ake ta nanata sunanta. A gidan tarihin nan za ka kuma ga lissafin maginan tukwanen La Graufesenque a jikin faranti. Daga nan aka san yadda suke cewa na ɗaya har na goma.

Auta: Hajiya, kishiyoyi ne?

Hajiya: Kai Auta, kada ka sa musu abin da ba su rubuta ba. Har yau masana ba su gama daidaitawa kan fassarar ba.

Malamin Tarihi: In da sauran kuɗin mota, akwai gululun mazari na Autun. An rubuta a jikin ɗaya: yarinya kyakkyawa, ba ni giya.

Yaya Babba: Kwana huɗu fa ya ce, Malam. Ka bincika ranakun buɗewa tukun, ƙanena, da yawansu ba sa buɗewa ran Litinin.

Ɗan Maraɗi: Gobe Fourvière, jibi Millau insha Allahu. Hajiya, zan turo miki hoton.