An ce guguwa ta wuce, yaushe ya kamata mu koma gida?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Muna zaune a wani ƙaramin gari a gaɓar tekun jihar Luwiziyana ta Amurka, aka ce kowa ya fita kafin guguwa ta sauka, muka kwashi yara muka yi arewa. Yanzu iska ta lafa, maigidan ya matsa lallai sai mun koma gobe. Wai yana tsoron ɓarayi, kuma maƙwabcinmu ya turo hoto, ruwa ya shiga falo har gwiwa kafin ya janye. Babu wuta a unguwar. Ni hankalina bai kwanta ba, ga ƙaramar tana da asma. Waɗanda suka taɓa gani, me za mu fara yi?

Dattijon Hustan:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, 'yata. Kada ku kama hanya sai hukumar yankinku ta sanar cewa an buɗe gari. Sau da yawa akwai shingen 'yan sanda, sai ka nuna katin shaida mai adireshin garin za a bar ka ka wuce. Ku cika tanki tun daga inda kuke, don gidan mai ba ya sayarwa idan babu wuta. Ku shiga da rana. Danjar da ta mutu, kowa tsayawa yake yi kafin ya wuce. Ruwan da ya kwanta a titi kuma kada maigida ya gwada shi da mota, mai zurfin ƙafa ɗaya ya isa ya ɗaga ƙaramar mota. Shawarata, ya tafi shi da wani namiji ya duba, ke da yara ku dakata.

Mai Gyaran Wuta:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya fi ba ni tsoro janareto ne. Bayan guguwar Laura a 2020, iyali guda suka rasu a birnin Lake Charles na Luwiziyana, ba iska ko ruwa ne ya kashe su ba, hayaƙin janareto ne. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji ya ɗauke shi. A waje ake ajiye janareto, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga. Gareji ba waje ba ne, ko da a buɗe yake, wannan ne mutane suke raina wa.

Hajiya, ki gaya wa maigida ya zagaya gidan kafin ya sa makulli. Duk wayar da ta faɗo ƙasa ya ɗauka da wuta a jikinta. In ya ji warin gas, ya fito ya kira kamfanin daga nesa, kada ya kunna ko ƙwan fitila. Kada ya taɓa babban makunnin wuta yana tsaye a kan jiƙaƙƙen ƙasa. Kuma ruwan gishiri yana cin waya daga ciki, soket ɗin da ya nutse ko ya bushe sai an canja shi.

Yar Fulorida:
Yaya, ni ban ga laifin maigida gaba ɗaya ba. Fumfuna tana kama jiƙaƙƙen bango cikin awa 24 zuwa 48, kowace rana aka ƙara asara ce. Sai dai mai asma kam kada ta taka gidan sai ya bushe. Kafin ya ɗaga ko kujera, ya ɗauki hoton komai har da layin da ruwa ya bari a bango. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai in kuna da ta ambaliya daban, don haka ku yi rajista da FEMA ma, wato hukumar agajin gaggawa ta tarayyar Amurka. Abin da ke firij a zubar, awa 4 kawai yake riƙe sanyi. Ya sa takalmin roba da safar hannu da takunkumin N95, in yana da ciwo a ƙafa kada ruwan ya taɓa shi. Bayan guguwar Ian a 2022 an samu masu kamuwa da ƙwayar cutar Vibrio ta haka a nan Fulorida. Bilic yana wanke fumfuna, amma ba a haɗa shi da amoniya.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ya yarda zai tafi da ƙaninsa idan an buɗe hanya. Ruwan famfo fa, za su iya sha?

Dattijon Hustan:
A'a, su tafi da na gora. In ya ƙare kuma an ba da sanarwar a tafasa, su bar na famfon ya yi minti 1 yana tafarfasa, har na wanke baki.