Neman shawara: allunan zamiyar ɗana sun yi fari, gefensu ya yi tsatsa

Mai tambaya, daga Calgary:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarona yana koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara tare da 'yan ajinsu. Kuɗin haya ya fara yi mini yawa, sai na saya masa allunan zamiya na gwanjo. Ƙasansu ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba a lokacin hunturu, ƙarfen gefe kuma ya yi ɗigon tsatsa. Yaron yana kukan cewa in ya sauko inda ƙasa ta miƙe, allon ba ya tafiya, sai ya yi ta tura kansa da sanduna. Shin an cuce ni ne, ko akwai abin da zan iya yi a gida? Ranar Asabar za su wurin zamiya na Nakiska.

Wani ɗan'uwa daga Edmonton:
Wa alaikumus salam. Malam, ba a cuce ka ba, bushewa ce kawai. Ƙasan allon roba ce mai shan kaki, kuma dusar ƙanƙara tana cinye kakin a hankali, musamman wadda inji ke fesawa, don ta fi kaushi. Ka je shagon kayan wasanni ka sayi kakin zamiya. Akwai na tsananin sanyi, akwai na ranar da ƙanƙara ta fara narkewa, amma ga mai koyo wanda aka yi don kowane yanayi ya wadatar.

Ka ɗaure birkin da ke jikin maɗaurin takalmi da zoben roba don kada ya tare maka hanya, ka kifa allon, ka goge shi tas. Sai ka manna kakin a jikin dutsen guga ya riƙa ɗiga a kai, sannan ka bi da dutsen daga goshin allon zuwa wutsiya. Kada hannunka ya tsaya wuri ɗaya ko kaɗan, nan ne ake ƙona roba. Ana rubuta zafin da ya dace a jikin kwalin. In ka ga hayaƙi, wuta ta yi yawa. Ka bar shi ya huce aƙalla minti 30, ka kankare da makankarin roba, ka bi da buroshi. Mutane da yawa suna jin asara su kankare, alhali wanda ya shiga cikin robar shi ne mai aiki. Na sama rage gudu yake yi.

Wani daga Toronto:
Ni fa da dutsen gugar gida nake yi. Ko kyandir ma ba zai yi ba?

Wata Hajiya daga Ottawa:
Haba ɗan'uwa, kyandir kam a bar shi. Ba a haɗa shi don wannan aikin ba, kuma wasu akwai turare da rini a ciki. Dutsen gida zafinsa hawa da sauka yake yi, ga ramukan tururi da kaki zai cika. In dole ne, a nemi tsoho marar ramuka, a sa shi a ƙaramar wuta, kuma ya yi ban kwana da kayan sawa. Abin da ya fi damuna shi ne iska: Malam, a gareji za ka yi, ƙofa a buɗe, yara kada su tsaya a kai. Idan wanda ya sayar maka ya haɗa maka da tsohon kaki, ka duba ko mai sinadarin fuloro ne. Hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta hana shi a gasanninta tun kakar 2023/24 saboda illarsa ga lafiya da muhalli. Kada ka narka shi a gidanka.

Ɗan'uwan Edmonton:
Hajiya ta yi gaskiya. Batun tsatsa kuma, kafin ka sa kaki za ka yi shi. Akwai ɗan dutse mai laushi da ake sayarwa, goga kaɗan take tashi. Wasa kaifin gefen dai ka kai shago a wannan karon, domin kusurwar digiri 1 ko 2 ce ake lissafawa, kuma ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa.

Wani dattijo daga Calgary:
Duk kun yi maganar gudu, ba wanda ya taɓo abin da zai kare ƙafar yaron. Maɗaurin nan an saita shi ne da nauyin mai shi na farko. Lambar ƙarfin riƙon maɗaurin, wadda ake kira DIN, ana fitar da ita daga nauyi, tsawo, shekaru, ƙwarewa da tsawon tafin takalmi. In ta yi sama, yaro zai faɗi allon ya ƙi sakinsa, gwiwa ta murɗe. In ta yi ƙasa, ya sake shi yana tsakar gangara. Don Allah kada ka taɓa sukurun saitin maɗaurin da kanka. Ka ɗauki yaron da takalminsa ku je shago su saita su gwada kafin Asabar ɗin. Idan maɗaurin ya tsufa ainun suna iya ƙin taɓa shi, to ka ji maganarsu ka sauya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba, gobe za mu je in sha Allah. Kakin kuma sau nawa ake sawa?

Hajiya daga Ottawa:
Bayan fita huɗu zuwa shida, ko da zarar farin ya dawo kusa da gefe. Ka koya wa yaron ya share allunan da busasshen tsumma duk ranar da ya dawo. In a saman mota kuke ɗaurawa, a sa su a jaka ko akwati, saboda gishirin titi. Idan kakar zamiya ta ƙare a watan Afrilu ko Mayu, ka shafa kaki mai kauri har ya rufe ƙarfen, kada ka kankare, ka ajiye su inda babu laima ko zafi, sai Nuwamba ka kankare.